Ki Ci, Ki Tashi, Ki Bar Farantin

A da, a unguwarmu ta Umlazi da ke gefen Durban, in ka je biki ka tarar an naɗe adikon goge baki ya tsaya a kan faranti da siffar kwale-kwale, ba sai ka tambaya ba, Velaphi Ndimande ya sauko daga jirgi yana hutu. Ba ya karɓar lada. Zai zo tun da safe da farar rigarsa, ya ja kujera ya zauna yana naɗi, kafin azahar ka ga kwale-kwale ɗari biyu sun jeru. Mutane su zo su warware su cikin ƙiftawar ido, su share maiƙon nama da su. Abin bai taɓa damunsa ba. Yakan ce ai don haka aka yi su.

Dogo ne siriri, yana tafiya a miƙe kamar wanda ya ɗauko tulu cike da ruwa. Shekararsa hamsin da takwas, ashirin da tara daga ciki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa ya yi su, irin wanda ke kwasar mutane daga Durban ya kai su tsibiran Mozambik su kwana uku su dawo, in sanyi ya shigo kuma ya haura Turai. Aikinsa sabis, mai kai abinci tebur. Matarsa ta rasu yana tsakiyar teku, kabari kawai ya tarar. 'Yarsa ɗaya tana aure a wani gari. Wadda ta rage masa kusa ita ce yayarsa, Gabisile.

Gabisile ce ta raine shi. Ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Mako guda bayan an binne uwarsu ta ninke rigar makarantarta ta sa a akwati, ta hau bas zuwa Berea, unguwar masu hali da ke kan tudu, ta kama aikin wanki da guga. Gida huɗu ta yi wa aiki cikin shekara arba'in da ɗaya. A kowane gida akwai kofinta daban da farantinta daban, na kwano, ana ajiye su ƙarƙashin wurin wanke-wanke kusa da sabulu, kuma a tsaye take cin abinci a bayan kicin bayan kowa ya gama. Daga wurin shanya ana hango teku da jiragen da ke fita.

Ita ta goge masa rigar da ya sa ya je neman aiki a wani otal na bakin teku, ita kuma ta raka shi tashar jiragen ruwa ranar da aka ɗauke shi a jirgi. Ta tsaya bayan shingen waya ta miƙa masa ta samansa ledar ujeqe, burodin nan namu da ake turarawa, tana ta zuba masa faɗa. Kada ya sha giya, kada ya yi wa na gaba da shi gardama, kada ya kwaso mata wata daga ƙasar da ba a jin yarenmu. Shi kuwa murna na ɗibarsa, ya ce:

"Sisi," haka muke kiran yaya mace, "wata rana sai na zaunar da ke a teburina cikin jirgin nan. Farin zane a shimfiɗe, ni a tsaye a bayanki. Ki ci, ki tashi, ki bar farantin a wurin, ki yi tafiyarki."

"In bar faranti a wurin? Wa zai ɗauke?"

"Ni mana."

"Kai da ko kofin shayinka ba ka iya ɗaurayewa? Wuce ka shiga kada su tafi su bar ka."

Ta yi dariya har da riƙe shinge. Amma ba ta manta ba, shi ma bai manta ba.

A wancan lokacin aikin sabis a jirgi aiki ne da mutum zai ɗaga kai ya faɗa. Tebur shida ake ba ka, mutanen da ke kansu naka ne daga ranar da jirgi ya tashi har ya dawo. A cin farko ka koyi sunayensu. A na biyu ka san wanda ba ya son albasa, ka san dattijon da hannunsa ke rawa, wanda za ka yanka wa nama tun daga kicin don kada ya ji kunya a gaban matarsa. Zanen tebur sau biyu ake canza shi a rana. Can ƙasa akwai ɗakin wanki mai mutum ashirin da biyu, galibinsu 'yan Indonesiya, suna zuba sitati suna guga, zane ya fito yana ƙara in ka warware shi. Velaphi yakan ce da Gabisile za ta ga gugar mutanen nan da ta sara musu. Ita kuma ta ce sai ta gani da idonta.

Gani kuwa ina? Kuɗin tikiti a lokacin, ko ta tara albashin wata bakwai ba ta ci ba ta sha ba, bai kai ba. Duk baƙar fatar da ka gani a zauren cin abinci, to tire ne a hannunsa. Sai alkawarin ya zama abin tsokana tsakaninsu duk hutu, irin wanda ake yi da dariya, daga baya kowa ya yi shiru. Ya kawo mata hotonsa cikin baƙar kwat da farar safar hannu, ta rataye shi a falo.

Ragin da kamfanin jirgin ya yi wa hidima da ma'aikata bai zo rana ɗaya ba, shi ya sa ba wanda ya yi ihu. Da alewar da ake ɗora wa fasinja a kan matashi aka fara. Wa zai yi kuka a kan alewa? Sai makaɗa, aka sallami mutum biyar aka kunna na'ura. Sai aka ce sabis ya riƙe tebur tara, sai goma sha biyu, har Velaphi ya daina tambayar sunan kowa don ba shi da inda zai ajiye shi. Wata shekara ya dawo daga hutu ya tarar an kwashe zannuwan tebur kaf, an kawo tebura masu fuskar roba da ake gogewa da tsumma. Masu wanki suka koma bakwai. Zannuwan kuwa yayyaga su aka yi aka kai wa masu kula da inji suna share baƙin mai. Ko yanzu in Velaphi ya zo nan a labarin sai muryarsa ta canza. Zane guda ɗaya ya tsira. Wani dattijo mai guga da aka sallama ne ya ninke shi ya ba Velaphi ranar da zai sauka, shi kuma ya sa a ƙasan akwatinsa.

Daga ƙarshe aka raba zauren. Aka keɓe ɓangare ɗaya ga wanda zai ƙara biya, can ne kawai zane ya rage, aka zuba samari da 'yan mata masu kyan fuska. Sauran fasinjoji aka tura su hawa na sama, zauren ɗebi da kanka, inda mutum ke bin layi da tire. Duk sabis da ya haura hamsin can aka kai shi. Mutumin da ya san sunan jikokin fasinjojinsa ya koma tura keken kwashe faranti, ya kankare saura a bokiti, ya goge tebur, wani ya zauna tun bai bushe ba. Bai faɗa wa kowa a gida ba. Hoton yana nan a falo, shi kuma ya bar shi yana magana a madadinsa.

Kamfanin dai bai yi ƙarya ba, a nan dole a ba shi gaskiyarsa. Tikiti ya sauko, ya sauko sosai. Jirgi ya cika da mutanen da Velaphi ya sani: malaman makaranta daga unguwar KwaMashu, ma'aikatan jinya, direbobin tasi da matansu. Suna kiransa Baba, suna ɗaukar hoto da teku a bayansu, suna cin abinci sau biyar a rana. Abin da ya ci masa aiki shi ne ya buɗe wa mutanensa ƙofa, ya rasa ta wane gefe zai tsaya. Wata rana wata tsohuwar Baturiya da ya yi wa hidima shekara da shekaru ta tare shi ta ce, "Velaphi, jirgin nan ya lalace." Ya ce, "Ƙwarai kuwa, uwargida." Sai ya lura da inda idonta yake. Ba teburin roba take kallo ba, wani iyali ne daga Umlazi da ke ta shewa kusa da taga. Ya tura kekensa ya wuce, ya wuni yana jin haushin bakinsa.

Ana cikin haka, wata Juma'a jirgi na tsaye a Durban ana lodin kaya, Gabisile ta kira shi a waya.

"Velaphi, kana zaune?"

"Ina na ga wurin zama, Sisi? Lafiya dai?"

"To ka dafa wani abu. Mu matan zumunta na ranar Alhamis, adashinmu na bana ba tukwane za mu saya ba. MaShezi ta gano an yi ragi. Mu goma sha huɗu, kwana uku, cikin jirginka, wata mai zuwa. Ka je ka gyara teburin nan naka."

Ya dubi bokitin da ke ƙafarsa.

"Ka yi shiru. Ko ba ka so in zo in ga matar da ka ɓoye a can?"

"Murna nake yi, Sisi."

"Wannan muryar ba ta mai murna ba ce. Na ba da ɗinki, ka ji. Shuɗiyar riga."

Shugaban zauren sama wani ɗan Mauritius ne mai suna Appadoo. Velaphi ne ya koya masa riƙon tire shekara ashirin da suka wuce, yanzu shi ke yawo da waya a hannu ofis na ta kiransa. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne. Velaphi ya same shi ya ce yana so a bar shi ya yi hidimar tebur ɗaya a ɓangaren masu ƙarin kuɗi, shi zai biya daga aljihunsa.

"Baba Ndimande, ka san ba ni da iko da can. Ko ni ban isa in ɗaga cokali a wurin ba."

"To a nan. Tebur ɗaya, a lungu, rabin sa'a. Yayata ce, ita ta raine ni."

Appadoo ya shafa kai. "Mutum huɗu gare ni a kan tebur ɗari da sittin. Ka tsaya rabin sa'a, faranti ya kai rufi." Sannan ya ce, "Rana ta uku, ƙarfe uku da rabi, lokacin an ragu. Minti ashirin. In wani babba ya hawo, ni ban gani ba, ban sani ba."

Suka shigo da hantsi. Velaphi ya so ya tare ta a ƙofa ya yi mata bayani tun kafin ta gani da idonta, amma ranar shiga ba a samun sukunin ko shan ruwa. Yana sunkuye yana kankare ƙashin kaza cikin bokiti ya ji an tsaya a kansa. Ya ɗago. Gabisile ce, da sandarta, da jakarta a hammata. Ta dubi keken, ta dubi bokitin, ta dubi ledar da ya ɗaura a ƙirji. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ga shi a jirgi ba ƙasa.

"Ina baƙar kwat ɗin?"

"An daina, Sisi."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ce don me ka ɓoye min ba, da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Ka rame," ta sa hannu ta gyara masa wuyan riga, ta wuce ta shiga layi.

Sauran matan kuwa murna ba a cewa komai. MaShezi ce kan gaba, wata gajeriya mai jiki da ta shekara talatin tana sharar asibiti, bakinta ba ya gajiya. Ta hango shi daga layi ta ɗaga murya, "Ƙanen Gabisile! Da gaske duk wannan an riga an biya? Har kifin? Har in ƙara? To a gaya wa mai jirgi ya shirya, yau zai san ya ɗauko mu." Velaphi ya yi dariya duk da abin da ke cikinsa. Ya ga yayarsa ta zauna kusa da taga da tire a gabanta, tana kallon Durban tana ja da baya, abincin na hucewa ba ta sani ba.

Matsalar ta fito ne bayan sun gama ci. Cikin matan nan goma sha huɗu, da wuya ka sami biyu da ba su yi aiki a gidan wani ko ofishin wani ba. Ba wadda ta yi shawara da wata. Kawai sai suka miƙe, suka kankare saura a faranti ɗaya, suka jera manya ƙasa ƙanana sama, suka tara cokula a kofi, wata ta goge tebur, suka ɗauko suka kawo kan kekensa. MaShezi ta waiga ta ga teburin da ke kusa an tashi an bar shi kaca-kaca, ta ja tsaki ta haɗa da shi.

"Iyayena, don Allah ku bari," in ji Velaphi. "Kun biya kuɗinku. Wannan aikina ne."

"Kai, rufe mana baki," in ji MaShezi. "Mu zauna muna kallon ƙanen Gabisile yana fama da furfurarsa? Dubi yadda waɗancan suka bar tebur kamar kaji sun yi tono. Uwarsu ba ta koya musu ba ne?"

"Hannu ne ya saba, ɗana," in ji wata tsohuwa daga cikinsu. "Ko na ce masa ya bari ba ya ji."

Kafin rana ta biyu ta faɗi, kunya ta sa teburan da ke kusa da su ma sun fara kwashe nasu. Lungun nan ya fi ko'ina tsabta a zauren. Appadoo ya ja Velaphi gefe.

"Baba, ka ce wa mutanenka su daina."

"Na ce, sun ƙi."

"Shekara biyu ofis na tambayata ko fasinja zai yarda ya mayar da tirensa da kansa. Shekara biyu ina ce musu ba zai yarda ba, guduwa zai yi. Ga shi a tafiyar nan akwai wata daga ofis, ɗazu na gan ta tana ɗaukar su hoto."

Velaphi bai gaya wa Gabisile ba. Da wane baki zai ce mata alherinta ne zai raba shi da abincinsa? Ya ce a ransa, komai zai faru ya faru, amma wannan faranti guda dai sai an bar shi a kan tebur.

Rana ta uku jirgi ya juyo gida. Velaphi ya ba da hutunsa na rana ya sauka ɗakin wanki ya ari dutsen guga. Zanen nan na ƙasan akwatinsa ya daɗe a ninke, layin ninkin ya ƙi kwanciya sai da ya yayyafa ruwa sau uku. Ya ari farantin tangaran da kofin gilashi da cokali mai yatsu wurin wani abokinsa a ɓangaren masu ƙarin kuɗi. Ƙarfe uku da rabi ya shimfiɗa zanen a teburin lungu, ya naɗa kwale-kwale ya ɗora, ya kwance ledar ƙirjinsa ya cusa a ƙasan keke.

Ta zo cikin shuɗiyar rigar, ita kaɗai. Sauran matan suna can nesa suna leƙe, MaShezi na buge hannun duk wadda ta yi motsi. Ya ja mata kujera.

"Barka da zuwa, uwargida."

"Uwargida a gidan wa?" ta ce. Amma ta zauna, a bakin kujera, jakarta a cinya.

Ya kawo shinkafa da miyar kori ta naman rago, mai na yawo a samanta, ya ajiye ta hagunta yadda ake yi, ya koma bayanta ya tsaya. Ba ta taɓa cokali ba. Gefen zanen ta kama ta murza tsakanin yatsu, ta juya ta duba ɗinkin bakinsa, ta kai hanci ta sunsuna.

"Wannan lilin ne na gaske. Irinsa ɗaya na taɓa wankewa, a gidan wani likita da na yi wa aiki, sai Kirsimeti ake fito da shi. Wa ya goge?"

"Ni."

"Ka bar dutse ya daɗe a nan." Ta shafa wurin. "Wa zai wanke?"

"Akwai masu wanki, Sisi. Ki ci kada ya huce."

"Kada ka yi min ƙarya sau biyu a jirgi ɗaya. Matar da ke gyara mana ɗaki ta gaya min ɗaki talatin gare ta ita kaɗai, masu wankin kuma ko zanen gado da kyar suke gamawa. Na ce wa zai wanke?"

"Ni zan wanke."

"A ina? Da wane lokacin? Kori ne fa, Velaphi. In ya ɗiga sai an jiƙa, a shanya a rana, a sake jiƙawa. Ga hannuna rawa yake yi yanzu, kai ma ka sani."

"To ya ɗiga mana! Ai don haka aka yi shi."

"Riƙe," ta ce, ta ɗaga farantin ta miƙa masa.

Ya karɓa. Tun yana shekara biyar in ta ce riƙe yake riƙewa, hannunsa bai jira shi ba. Ta kawar da kofin, ta ɗauki kwale-kwalen a hankali ba ta warware shi ba ta sa a jaka. Ta miƙe ta haɗa bakin zanen da baki, ta ninka, ta danne da tafin hannu, ta sake ninkawa, irin ninkin da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana yi. Ta ɗora shi a kujerar da ke gefe, ta zauna.

"Yanzu ajiye."

Ya ajiye farantin a kan robar. "Shekara ashirin da tara nake jiran yau, Sisi."

"Ni arba'in na yi ina hango jirage daga wurin shanya. Jiya na tsaya a tsakiyar ruwa, na duba gabas na duba yamma, ba gidan kowa, ba wankin kowa. Da ba su cire zannuwan nan ba, da har in mutu ban gani ba. Ka bar ni in ci abincina."

"Sun cire zane, sun cire mutum goma sha biyar da ke wanke shi."

Ta tsaya da cokali a hannu.

"Na sani," ta ce. "Ai ni ma mai wanki ce."

Ta ci. A hankali ta ci, yana tsaye a bayanta yana zuba mata ruwa, miyar ta ɗiga a kan robar sau biyu ta goge da yatsa. Ta cinye tas, ta ce naman ya yi laushi amma gishiri bai ji ba.

"To saura abu ɗaya," in ji Velaphi. "Ki tashi ki bar farantin. Shi kaɗai na roƙe ki a duniya."

Ta dubi farantin, ta dube shi. "To," ta ce.

Ta miƙe, ta ɗauki sandarta, ta juya baya. Ta wuce tebur ɗaya, ta wuce na biyu, bayanta a sandare, hannunta na hagu yana buɗewa yana rufewa. Ba ta waiwayo ba. Velaphi ya bi ta da kallo.

Sai aka ji ƙarar faɗuwar tire daga ɗaya ƙarshen zauren, faranti da miya sun watse a ƙasa. Appadoo ya ɗaga masa hannu yana nuna agogo. Minti ashirin sun cika. Velaphi ya ruga da tsumma da bokiti, ya durƙusa yana tsince fasassun faranti a tsakanin ƙafafun mutane.

Da ya dawo ba komai a teburin lungu. An goge shi, ko bushewa bai yi ba. Farantin tangaran na kan kekensa a kankare, cokulan a cikin kofi. Zanen na ƙasan keken, an naɗe shi cikin gyalenta don kada wani abu ya taɓa shi. Ita kuma tana can jikin taga ta ba shi baya, tana kallon ruwa.

Ya tsaya riƙe da keken, hawaye na zubo masa, bai ko share ba. Bai taɓa jin ya tsufa ba sai ranar. Wani fasinja ya zo ya ɗora tirensa a kan farantin tangaran ɗin, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya wuce.

Da kakar yawon jirgin ta ƙare kwantiraginsa ya ƙare, ba a sake kiransa ba, shi da mutum biyu cikin huɗun da ke zauren sama. An kafa wasu kantoci na ajiye tire a zauren, da allo mai hoton hannu riƙe da tire, ana gode wa fasinja da taimakonsa. Appadoo ya aiko masa da saƙo mai tsawo na ban haƙuri. Ko hoton nan ne ya jawo, ko dama sun riga sun yanke, ba wanda ya sani. Velaphi yakan ce da matan da babu matan sai sun yi, kuma har yau bai gaya wa Gabisile zancen hoton ba. Ce mata ya yi gwiwa ce ta hana shi komawa.

Yanzu yana gida. Yana zuwa bukukuwa har yanzu, sai dai adikon takarda ake saya, shi kuwa ba ya tsayuwa, kana sakinsa yake kwanciya. Zanen ya bar wa Gabisile, yana ƙasan akwatinta, ko Kirsimeti ba ta fito da shi. Kwale-kwalen yana kan talabijin a ƙarƙashin hoton mai baƙar kwat, ya fara yin ja.

Wata Asabar da safe ya je gidanta shan shayi. Ta ƙwace rigar da zai sa zuwa biki ta ce gugarsa ba ta yi ba, ta tsaya tana sake ta.

"MaShezi ta ce sun ƙara ragi bana," ta ce. "Ya fi na bara sauƙi. Mun ce za mu sa da kai a adashin. Ka shiga a fasinja, kai ma ka zauna ka huta."

Velaphi ya ajiye kofin. "Wa zai kwashe farantan?"

"Kowa nasa," ta ce, ba ta ɗago ba. "An ce yanzu haka ake yi. Ka ga ba sai an wahalar da kowa ba."

Ya tashi ya ɗauki kofin shayinsa, ya kai wurin wanke-wanke ya ɗauraye.